Yaron da Tsawonsa Ya Tsaya: Ciwon Tiroyid na Haihuwa da Ƙashin Yara

Akwai jaririn da kowa yake yabo a gida. Ba ya yawan kuka, ba ya ta da uwarsa da dare, yana barci har sai an tashe shi a ba shi nono. Tsofaffi su ce an sami mai haƙuri. Sai wata shida ya wuce, wata goma ya wuce, bai zauna ba, haƙori bai fito ba, maɗigarsa tana nan a buɗe da faɗi, tsararrakinsa kuma duk sun fi shi tsawo. Wani lokaci wannan haƙuri alamar ciwo ce: an haifi yaron da tiroyid wadda ba ta aiki yadda ya kamata.

Ciwon yana samun jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 da ake haifa. Yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana kuma taɓa ƙashi. A nan za mu fi yin magana a kan ƙashi, domin shi ne kuke iya gani da idonku, kuna iya auna shi da igiya a jikin bango. Maganin ciwon ƙwaya ɗaya ce ƴar ƙarama kowace rana. Yaron da aka fara ba shi da wuri, aka kuma ci gaba ba fashi, yana kai tsawon tsararrakinsa, ƙashinsa yana yin ƙwari kamar nasu.

Mece ce tiroyid?

Ku ɗora yatsa a gaban wuyanku, ƙasa da zakaran wuya kaɗan. A nan akwai wata ƴar tsoka mai laushi, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce likitoci suke kira tiroyid. Idan ta kumbura, ita ce kuka sani da suna maƙoƙo. Aikinta shi ne yin wani sinadari mai suna tiroksin, ta zuba shi cikin jini. Tiroksin yana kewaya jiki duka, yana sa zuciya ta buga daidai, hanji ya motsa, jiki ya yi ɗumi. A jikin yaro yana da ƙarin aiki biyu masu girma: gina ƙwaƙwalwa da tsawaita ƙashi.

Tiroyid ba ta iya yin tiroksin sai da wani sinadari da muke samu a abinci, wanda ake kira iyod a Nijar, aidin a Najeriya.

Yadda ƙashin yaro yake girma

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi haka yawa, domin wasu ƙasusuwansa ba su haɗe ba tukuna, da yawa daga cikinsu kuma guringuntsi ne. A kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi, kamar na cinya da na dantse, akwai wani siririn guringuntsi da za mu kira wurin toho. A nan ne sabon guringuntsi yake tsirowa, sannan ya taurare ya zama ƙashi. Haka yaro yake ƙara tsawo har ya balaga. Bayan balaga wuraren tohon nan suna rufewa, tsawo ya tsaya ke nan har abada.

Ku ɗauki misalin gini. Abinci shi ne tubali da ƙasa. Tiroksin shi ne mai sa magina su fito aiki kowace safiya. Idan babu shi, ko an tara tubali a tsakar gida, bango ba zai tashi ba.

Ga ma'aunin da zai taimake ku. Jaririn da ya cika watanninsa yana da tsawon wajen santimita 50 ranar haihuwa. A shekara 1 yana kai wajen 75, a shekara 4 wajen 100, wato ya ninka tsawonsa na haihuwa. Daga nan har zuwa balaga yana ƙara santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. Yaron da bai ƙara santimita 4 ba cikin shekara guda yana bukatar likita ya duba shi.

Abin da rashin tiroksin yake yi wa ƙashi

Kai. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, shi ya sa yake da maɗiga biyu: babba a gaba, ƙarama a wajen ƙeya. Ta ƙeya takan rufe kafin wata 3, ta gaba kuma tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, wani lokaci har kusan shekara 2. A jaririn da ba shi da isasshen tiroksin, dukansu biyu suna da faɗi tun farko, suna kuma daɗewa ba su rufe ba. Karan hancinsa yana zama a kwance, domin ƙasusuwan fuska ma sun makara.

Haƙora. Yawancin yara suna fitar da haƙorin farko tsakanin wata 6 da wata 10. Mai wannan ciwo yana iya wuce shekara da dasashi zalla.

Tsawo. Hannuwa da ƙafafu suna zama gajeru idan aka gwada su da gangar jiki da kai. Yaro mai shekara 5 zai iya kasancewa da siffar ɗan shekara 2. Ku lura da wannan bambanci: mai tamowa yana fara ramewa ne, nauyinsa ya faɗi kafin tsawonsa ya tsaya. Mai ciwon tiroyid kuwa gajere ne amma da jiki, fuskarsa kamar a kumbure. Shi ya sa awon nauyi kaɗai yana iya ruɗin iyaye, su ɗauka lafiya lau.

Ƙugu. Kan ƙashin cinya, wanda yake juyawa cikin kwatangwalo, ya kamata ya taurare ya zama dunƙule ɗaya mai santsi. Idan babu tiroksin, sai ya taurare gutsi-gutsi, ya baje. Yaro ya makara wajen tafiya, idan ya fara kuma yana yi kamar agwagwa, ko yana ɗingishi. A manyan yara masu dosar balaga, kan ƙashin yana iya zamewa daga wurin tohonsa. Yaron zai ce ƙugu ko cinya ko gwiwa na yi masa ciwo, alhali bai faɗi ba. Wannan ba targaɗe ba ne, ba kuma aikin maɗori ba ne. Ja da murza suna ƙara ɓarna. Ku hana shi taka ƙafar, ku ɗauko shi zuwa asibiti, domin sau da yawa sai an yi aiki.

Baya. Ƙasusuwan gadon baya ma suna iya makara, ƙasan baya ya ɗan yi doro.

Kada ku jira ƙashi ya nuna

Alamomin ƙashi suna bayyana a hankali, ƙwaƙwalwa kuwa tana cutuwa tun makonnin farko. Ranar haihuwa yawancin jariran nan suna fitowa da nauyi da tsawo daidai, domin tiroksin na uwa yana ratsa mabiyiya ya isa gare su. Cikin ƴan makonni wannan guzuri yana ƙarewa, wanda yake cikin nonon uwa kuma bai isa ya maye gurbinsa ba.

Ke mai jego, ki lura da waɗannan:

- shawara, wato ido da fata su yi rawaya, har ta wuce mako 2;
- barci mai yawa, da kasala wajen kama nono;
- taurin bayan gida;
- kuka da dusasshiyar murya;
- babban harshe da yake leƙowa daga baki;
- ƙaton ciki da cibiya da ta bultso waje;
- fata mai sanyi da bushewa;
- jiki sakwai-sakwai idan an ɗaga shi;
- maɗiga mai faɗi, musamman ta ƙeya.

Ba dole duka su haɗu a jikin yaro ɗaya ba. Idan kin ga biyu ko uku, ki gaya wa ungozoma ko malamin asibiti a makon nan. Kada a jira a gama arba'in. Kuma kada a kai shi wajen wanzami a cire masa beli don ba ya shan nono, ko a shafa masa haɗin magani a maɗiga. Waɗannan ba sa taɓa tushen ciwon, suna cinye kwanakin da suka fi tsada, yankan kuma yana iya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Me ke kawo shi?

A yawancin yara, tiroyid ɗin ce ba ta ginu daidai ba tun a ciki: ko babu ita sam, ko ƙarama ce ƙwarai, ko ta tsaya a gindin harshe ba ta sauko mazauninta ba. Wannan ba ya zuwa daga abin da uwa ta ci, ko hanyar da ta bi da tsakar rana, ko zunubin wani. Ba maita ba ce, ba sammu ba, ba aikin iska ba.

A wasu yara kaɗan, tiroyid tana nan amma ba ta iya haɗa sinadarin ba. Irin wannan gado ne daga uwa da uba duka biyu, ya fi kuma fitowa inda ake auren zumunci. Idan an sami ɗaya a gida, a gwada jinin kowane jariri da zai biyo baya.

Dalili na uku shi ne ƙarancin iyod a abincin uwa. Ƙasashenmu na nesa da teku suna cikin wuraren da wannan ya daɗe yana damun mutane, shi ya sa aka san maƙoƙo a garuruwa da yawa. Mai ciki da mai shayarwa suna bukatar iyod fiye da kowa. Ku sayi gishirin da aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana da iyod, ku rufe shi, ku ajiye nesa da zafin murhu da laima. Gishirin gargajiya irin na kantu ba a ƙara masa iyod. Amma ku riƙe wannan: gishiri rigakafi ne ga uwa. Ba ya warkar da yaron da aka haifa ba tiroyid, kuma ba a ba jariri gishiri.

Mace mai shan maganin maƙoƙo ko wani ciwon tiroyid ta faɗa wa ungozoma tun awon farko, domin wasu magungunan suna ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki.

Abin da za a yi a asibiti

Gwajin jini ne yake tabbatar da ciwon. Ana auna tiroksin, ana kuma auna wani sinadari mai suna TSH, wanda yake fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa don ya zaburar da tiroyid. Idan tiroyid ta gaza, TSH yana hawa sama sosai. A lardin Kebek na ƙasar Kanada aka fara gwada dukan jarirai a shekarar 1974, ta hanyar ɗiga jinin dunduniya a kan takarda ƴan kwanaki bayan haihuwa. Yau ƙasashe da yawa suna yin haka. A karkararmu wannan gwaji bai kai ga kowane jariri ba tukuna, saboda haka idon uwa da na ungozoma su ne mataki na farko. Idan babu na'urar gwajin a kusa, za a aika jinin ko a tura ku babban asibiti. Ku je, kada nisa ya hana.

Likita yana iya neman hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo. A jariri ana ɗaukar gwiwa. Akwai wani ɗan ƙashi a ƙarshen ƙashin cinya da yake bayyana wajen mako na 36 na ciki. Idan jariri ya cika watanninsa amma ba a gan shi a hoto ba, alama ce cewa ciwon ya fara tun a ciki kuma yana da ƙarfi. A babban yaro ana ɗaukar hannun hagu da wuyan hannu, a gane shekarun ƙashinsa. Yaro mai shekara 8 yana iya zama da ƙashin ɗan shekara 3.

Maganin da yadda ake ba da shi

Sunan maganin lebotiroksin. A kantin magani za ku iya ganinsa da suna Levothyrox. Irin sinadarin da jiki ya kasa yi ne aka zuba cikin ƙwaya. An fi so a fara shi cikin mako 2 na farkon rayuwa.

- A ba shi sau ɗaya kowace rana, a lokaci guda.
- A murƙushe ƙwayar tsakanin cokali biyu, a dama da ɗan nonon uwa ko tafasasshen ruwa da ya huce, a ba shi da cokali. Kada a zuba cikin kofin kunu ko kwalbar madara, domin idan ya rage, maganin ya rage.
- Ƙwayar ƙarin jini, da maganin kalsiyam, da abincin waken suya kamar awara da madararsa, suna hana hanji tsotse maganin. A bar awa 4 tsakaninsu.
- Ƙwayoyin suna da ƙarfi daban-daban, kamar 25, 50 da 100, kuma suna kama da juna. Ku duba lambar da ke jikin kwali kowane saye. Idan ba ku iya karatu ba, ku riƙe tsohon kwalin ku nuna.
- Zafi da laima da hasken rana suna rage ƙarfinsa. A bar shi cikin takardarsa, a inuwa, a wuri busasshe da yara ba sa kaiwa.
- Idan an manta da safe, a ba shi da zarar an tuna a ranar.
- Ku sake saye tun saura na mako 2, musamman kafin damina ta yanke hanya.

Kaɗan yana cutarwa, da yawa ma yana cutarwa

Ana auna maganin da nauyin yaro. Ƙwayar da ta ishi jariri mai kilo 3 ba za ta ishe shi ba idan ya kai kilo 8. Idan ba a ƙara ba, tsawo zai sake tsayawa, taurin bayan gida da kasala su dawo.

Wasu iyaye, don son yaro ya yi saurin kamo tsararrakinsa, sukan ƙara ƙwaya da kansu. Kada ku yi. Idan maganin ya yi yawa na tsawon lokaci, ƙasusuwan kai suna iya haɗewa tun ƙwaƙwalwa ba ta gama girma ba. Wuraren toho suna iya rufewa da wuri, yaro ya ƙare gajere. Ƙashi kuma yana iya rasa ƙwarinsa. Alamomin yawan magani su ne gumi, bugun zuciya da sauri, rashin barci, zawo, yawan rigima, da rama duk da cin abinci. Idan kun ga haka, ku zo a gwada jini.

Wannan ne dalilin yawan dawowa. Ana sake gwaji mako 1 ko 2 bayan farawa, sannan kowane wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, kowane wata 2 zuwa 4 har shekara 3, daga nan aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara har ya gama girma. Kowane zuwa, ku roƙi a auna tsawo da kewayen kai, ba nauyi kaɗai ba, a rubuta a takardar awo. A gida ma, ku tsayar da shi ba takalmi a jikin bango kowane wata 3, ku ja layi da gawayi.

Yawancin yara za su sha maganin har ƙarshen rayuwa. A wasu kaɗan ciwon na ɗan lokaci ne. Likita yakan bincika wannan bayan yaro ya cika shekara 3, da gwajin jini. Ganin yaro ya warware yana wasa ba dalilin dainawa ba ne. Maganin ne yake aiki.

Idan an riga an makara

Wataƙila kuna karanta wannan kuna tunanin wani yaro mai shekara 4 ko 10 a gidanku ko a maƙwabta. Ku kawo shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ƙashin waɗannan yara yana daɗewa ɗanye, domin wuraren tohonsa ba su rufe ba. Da an fara magani, yaro yakan yi tsawo da sauri fiye da tsararrakinsa, haƙora su fito, kumburin fuska ya sauka, ƙarfin tafiya ya ƙaru. Idan jinkirin ya yi yawa, ba lalle ya cike dukan tsawon da ya rasa ba.

Dole mu faɗa muku gaskiya a kan ƙwaƙwalwa. Abin da ta rasa a shekaru 2 zuwa 3 na farko ba ya dawowa duka. Duk da haka yaron zai fi kuzari, ya fi kula da mutane, ya koyi abin da zai iya. Babu shekarun da za a ce magani ba shi da amfani.

Abinci, rana da wasa

Ƙwaya tana sa ginin ya tashi, amma sai da tubali. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Bayan wata 6, a ƙara abinci mai kalsiyam, wato sinadarin da yake taurara ƙashi: nono da kindirmo da cuku, ƙananan kifi da ake daka su da ƙayarsu, zogale, miyar kuka, riɗi, wake da tamba. Fura da nono ta fi fura da ruwa amfani ga ƙashin yaro nesa ba kusa ba. Nono ma yana da kalsiyam da yawa, saboda haka ga babban yaro a ba shi ƙwayar da ruwa tun da safe, a jira wajen rabin awa kafin karin kumallo.

Hasken rana a kan fata yana sa jiki ya yi bitamin D, wanda yake taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam. Ku bar yaro ya fita tsakar gida da hantsi. Gudu da tsalle suna ƙarfafa ƙashi, kada ku killace shi don yana shan magani.

Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ciwon tiroyid ba. Ƙafar baka da gwame, tare da kumburin wuyan hannu, sun fi nuna laushin ƙashi na rashin kalsiyam ko bitamin D. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ke da wannan laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Maganin ciwon biyu daban ne, yaro ɗaya kuma yana iya samun duka biyun. Likita ne zai bambance.

Ga maigida, da kaka, da jama'a

Maigida, kuɗin ƙwaya da na mota zuwa gwaji suna wuyanka. Ka ware su lokacin kaka, kamar yadda kake ware iri. Ka koyi ba da maganin da hannunka, don ranar da uwar ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo.

Iya, ke da kike wa jariri wanka, ke ce kika fi kowa taɓa maɗigarsa da ganin cibiyarsa. Idan kin ga abin da bai yi miki ba, ki sa baki a kai shi asibiti. Maganarki tana da nauyi a gida.

Fasto, liman, shugabannin zumuntar mata: ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ku hana a kira yaron da sunayen ba'a, ko a ɗora wa uwarsa laifi. Idan gida ya kasa sayen ƙwaya wata guda, ku taimaka. Ku yi addu'a tare da su, ku kuma tambaye su ko yaron ya sha maganinsa yau, gama Allah da ya ba da yaron shi ne ya ba da sanin maganin.

Yaron da ya sami magani da wuri yana zuwa makaranta, yana noma, yana aure. Yarinya ma tana haihuwa lafiya, sai dai idan ta yi ciki ta gaya wa likita nan da nan, domin za a ƙara mata maganin. Idan akwai jaririn da alamomin nan suka tuna muku da shi, ku zo da shi ranar awo mai zuwa tare da takardarsa, ku ce a duba masa tiroyid. Allah ya raya mana su.